Kirik ɗin Baba

Damanar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, ba ta ƙyale gidanmu ba. Bangon gabas na ɗakin Inna ya tsage daga sama har ƙasa, rumfar bayan gida kuwa, inda kayan aikin Baba suke, ta zube gaba ɗaya. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da ruwa ya ɗauke muka taru, ni da Yaya da ƴaƴansa biyu, muna tonon laka muna fid da abin da ya saura. Baba bakanike ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma tun da aka yi sadakar arba'in ba wanda ya ƙara taɓa akwatunansa.

Sufanu ne, da guduma, da magagari, da tarin ƙusoshin da tsatsa ta manne su wuri guda. Can ƙasa sai ga kirik ɗin. Ina ganinsa na gane shi, don ina yaro ni ake aika in ɗauko shi. Ba irin na yanzu ba ne mai aiki da mai, ba kuma mai murɗawa ba. Sandar ƙarfe ce zagayayya, tsawonta kamar kamu guda, da wani hannu mai kusurwa huɗu da ke hawa da sauka a jikinta, da faffaɗan faranti a gindi. Yaya ya ce, "Mushe, tara su wuri ɗaya, in kira ƴan gwangwan su auna. Ko buhun siminti biyu muka samu ai an rage." Mushe yake kirana tun ranar da na shiga makarantar horon malamai, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ƙaramin ɗansa ne ya ja mana. Ya sa wuƙa ya kankare tsatsa a jikin kwanson da ke riƙe da hannun, wasu haruffa suka fito, ya haɗa su ya karanta: Bilstein. Ya rubuta sunan a salularsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya daka tsalle. "Baffa, wannan fa kirik ɗin Porsche ne!" Ya nuna mini hotuna. Ga sanda, ga hannu, kamar an tsaga kara, ga kuma kuɗi da yuro a ƙarƙashin kowane hoto. Na riƙa ninka abin da nake gani da 656, wani ya kai albashina na wata, wani ya wuce. Na dubi tsagar bangon Inna, na dubi ƙarfen, na ce a raina abin nema ya samu.

Sauran kayan, washegari aka auna su a kilo aka tafi da su, ko kallonsu ban yi ba. Kirik ɗin kuwa na naɗe shi a buhu na kai wa wani mai walda, na ce ya fitar mini da shi fes. Bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya sa injin gurza ya bi shi lungu-lungu har ƙarfe ya yi fari, ya fesa masa jan fenti, ya shafe sandar da giris. Da na karɓo shi yana ta ƙyalli kamar keken amarya. Sai a lokacin na ɗauki hotonsa na aika wa mutumin da ya kamata in fara tambaya.

Mutumin nan aji ɗaya muka yi da shi a firamare. Ni na ci jarrabawar shiga kwaleji, shi bai ci ba, mahaifinsa ya kamo hannunsa ya kawo shi garajin Baba koyon aiki. Na tuna a lokacin har tausayinsa nake ji. Yau ya fi shekara goma sha biyar a Beljiyam, yana aiki a wani garaji da ba a gyara komai sai tsofaffin motoci. Ya kira ni a daren, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Ɗan maigida, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Na ce ni na sa a yi.

Ya ce, "Kai da kake malami, ka taɓa ganin an wanke allo kafin a duba rubutu?"

A wannan dare da wasu darare bayansa ya buɗe mini wata duniya da ban san da ita ba, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. A Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara motocin tsere da na yawon shan iska na shekarun 1950 da 1960: Porsche 356, Jaguar E-Type da ta fito a 1961, su MG da Ferrari. Mota takan rayu shekara sittin ta sauya hannu sau goma, amma ƙananan kayan da ta fito da su daga kamfani ba su cika rayuwa tare da ita ba. Kirik shi ne na farko wajen ɓata. Wani ya ara bai mayar ba, wani ya manta shi a gefen hanya bayan ya canza taya da dare, wani ya sayar da motar ya bar shi a kusurwar garaji. To ga shi a manyan gasannin da ake yi na nuna tsofaffin motoci, alƙalai suna buɗe but su duba jakar kayan aiki da kirik, su rage maki idan ba na wannan mota da wannan shekara ba ne. Shi ya sa mai motar da ta kai kuɗin gidaje zai yi shekaru yana cigiyar sandar ƙarfen da ba zai taɓa ɗaga motarsa da ita ba.

Da farko dariya abin ya ba ni. Mu da muke ganin Peugeot 404 ta ɗauko buhunan hatsi da awaki daga kasuwar ƙauye, ƙofa ɗaure da igiya, fitila ɗaya ta wata mota, ɗayar ta wata, wa ya damu da asalin kirik? In ya ɗaga ai shi ke nan. Har yanzu ina ganin bakaniken da ya raya 404 shekara hamsin da abin da hannunsa ya kai gare shi bai gaza kowane gwani na Turai ba. Amma da abokina ya ci gaba da bayani sai dariyar ta ragu, don na gane cewa aikin nasu karatu ne, irin karatun da nake iƙirarin ina koyarwa.

Ga yadda abin yake. Kamfanonin motoci ba su ke ƙera kirik ba, saye suke yi daga wasu maƙera. Jaguar E-Type na farko sun zo da na Shelley, na baya suka zo da na Metallifacture, duka a Ingila. Ferrari da yawa na wancan zamani da na Battaini suka fito. Porsche kuwa na Bilstein ne, wani kamfanin Jamus da August Bilstein ya kafa a 1873, wanda da ƙarafan tagogi ya fara kafin ya shiga harkar mota. Matsalar ita ce maƙerin da ya sayar wa motar alfarma shi ne ya sayar wa motar talaka, sau da yawa abu kusan iri ɗaya. Saboda haka suna kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an dubi faɗin gindi, da siffar hannu, da yadda aka buga haruffa, da lambar da ke jiki idan akwai, da launin fentin asali. Masu Porsche 911 na farko har da launin ɗigon da ke kan murfin sama suke rarrabe nasu, kore ne ko rawaya. Fentin asali kuwa, ko tsatsa ta cinye jiki duka, yakan maƙale a lungu, ƙarƙashin kwanso ko cikin wata kusurwa, kuma shi ne shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira, don akwai masu ƙera sababbi su tsufar da su da gangan.

Shi ya sa mai sanin aiki ba ya fara da gurza. Hoto yake fara ɗauka ta kowane gefe, yadda ya tsinci abin. Ya wanke da sabulu da buroshi mai laushi. Ya jiƙa wurin tsatsa da ruwa mai ɗan tsami, ya jira, ya goge a hankali, ya sake jira. Ya haska fitila ta gefe don inuwa ta fito da haruffan da suka shafe. Abokina ya ce ruwan lemun tsami ko na tsamiya da ke gidanmu ya isa, in da na yi haƙurin kwana uku. Ni kuwa cikin sa'a biyu na biya kuɗi aka share shekara hamsin da wani abu.

Ƴan uwana malamai za su gane inda abin ya fi yi mini ciwo. A makarantar horon malamai an nanata mana cewa darasin lura da abubuwa yana da tsari: yaro ya duba, ya taɓa, ya faɗi abin da ya gani, sannan a kai ga suna da hukunci. Shekara ashirin ina tsawata wa yara masu ɗaga hannu kafin in gama tambaya. Ranar da abin ya zo kaina, suna ɗaya na gani da farashi, na tsallake duk matakan.

Abokina ya ce mu gwada ceto abin da ya saura. Na sayi tina na cire jan fentin da kaina, dare biyu, da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Na ɗauko alli daga aji na goga a jikin kwanson, na share sama-sama da yatsa, farin ya zauna a cikin ramukan haruffa. Bilstein ya fito, ya yi rauni amma ana karantawa. Na aza takarda na bi ta da fensir a kwance, kamar yadda muke yi wa kwabo muna yara. A gefe, inda injin gurza ya ci sosai, sai ga rabin da'ira, a cikinta ƙananan layuka masu haɗuwa kamar V a kan W. Na aika masa. Ya ce, "To, ka ga amsarka. Volkswagen ce, mai siffar kunkurun nan, ta wajen shekarun 1960."

Yaron Yaya bai yi ƙarya ba, kuma ba wauta ya yi ba. Motocin biyu dangi ne na jini. Ferdinand Porsche ne ya zana kunkurun, ɗansa Ferry kuma ya ƙera 356 ta farko a 1948 a garin Gmünd na Ostiriya, da kayan Volkswagen da yawa a cikinta. Dukansu injinsu a baya yake, iska ke sanyaya shi, dukansu suna da rami mai kusurwa huɗu a ƙasan gefe inda ake zura hannun kirik a ɗaga gefen mota gaba ɗaya. Sai dai 356 kusan 76,000 aka ƙera kafin a daina a 1965, kunkuru kuwa ta haura miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003. Na yi rabawar a bayan littafin shirya darasi: kowace 356 ɗaya, kunkuru kusan 280. Lissafin ɗan aji shida ne. Da na yi shi tun ranar farko, da na san wace ce ta fi kusa da biyo hanyar Agadas ta mutu a Damagaram.

Giris ɗin ma kuskure ne. Na gwada kirik ɗin a ƙarƙashin amalanken maƙwabcinmu, ya ɗaga kaɗan, sai ya sulluɓe ya sauko da ƙarfi, saura ƙiris ya matse mini yatsu. Irin wannan ba shi da haƙora ko zare. Wasu ƴan faranti ne masu huda a cikin kwanson, idan nauyi ya hau sai su karkace su ciji sandar. Cizon nan shi ne dukan aikinsa, mu kuwa mun goge sandar ta yi santsi mun ƙara mata maiƙo. Iyaye masu mota, ko wane irin kirik gare ku, kada ku bari yaro ya shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Baba kullum sai ya tura gungumen itace kafin ya sa kansa.

Da na gaya wa Yaya sakamakon, ya yi shiru, ya juya ƙarfen a hannunsa. Sannan ya ce, "Mushe, tun da mai walda ya riga ya ci rabin tambarin, a ƙarasa mana. A yanke wannan farantin na gindi, a yi masa fenti irin na hoton. Bature yana can wata uwa duniya, wa zai gaya masa?"

Zan so in ce nan take na ƙi. Ban ƙi ba. Na ce bari in yi tunani, kuma tunanin na yi da gaske, dare guda cur. Inna tana kwana a ɗakin matata, ni ina zaure, kuɗin gini bai kai rabi ba, ga shigar makaranta ta matso. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai maƙeri ɗaya ne, ƙarfe ɗaya ne, wanda zai saya kuma ba zai ji a jikinsa ba. Da safe na kira abokina na kewaya na kewaya, sannan na fito da maganar. Ya ce masu sayen nan sun fi ni ido, wurin da aka gurje shi suke fara dubawa. Ya ƙara da cewa ko da ba za su gane ba, ba da hannunsa ba. Idan na ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni na yi ƙarya. Akwai tsoron a kama ni, akwai kuma kunyar yaron da na taɓa tausaya wa don ya faɗi jarrabawa.

Kafin ya ajiye waya ya ce, "Af, ɗan maigida, ina ɗigo ukun?"

Ban gane ba. Ya ce duk kayan aikin Baba, tun daga guduma har ƙaramar sufana, akwai ɗigo uku a jere da ya buga da ƙusa, don kada su gauraya da na maƙwabtan garaji, kuma kowane almajirinsa ya san idan aka tashi aiki sai an ƙirga masu ɗigo uku sun cika kafin a tafi gida. Ni ɗansa ban taɓa lura ba. Na ɗauko alli na bi kirik ɗin tun daga sama. A kan hannun, kusa da kwanso, na samu ɗigo ɗaya sosai, da inuwar na biyu. Na ukun ya tafi da gurza. Sauran kayan da ke da ukun cikakku kuwa, na riga na tsaya ina kallo aka ɗora su a sikeli.

Farantin gindin ma aikin Baba ne. Na asali ƙarami ne, an yi shi don kwalta da daɓen siminti, a rairayi nutsewa yake. Baba ya yanko ƙarfe mai kauri ya liƙa masa da walda, ɗinkin bai yi kyau ba amma har yau bai motsa ba. A idon alƙalin gasa wannan faranti aibi ne. Sai dai abokina ya ce su ma can ra'ayi yana juyawa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, da ke ɗaukar canje-canjen da mota ta samu a zamanin da take aiki a matsayin wani ɓangare na tarihinta. Kuma a watan Agusta na 2024, daidai lokacin da ruwa ke cin bangonmu, babbar kyautar gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da aka bari da tsohon jikinta da tabonta, karo na farko da motar da ba a sabunta ba ta ci. Wato masu kuɗin da suka fi kowa iya sa abu ya yi ƙyalli sun fara gajiya da ƙyallin, ni kuma a makon da na shigo harkar da shi na fara.

Ɗakin Inna dai an gina shi. Na ɗauki adashen malamai kafin zagayena, Yaya ya sayar da ragonsa, ƙanwarmu ta aiko daga Maraɗi. Yaya har yau yana cewa na yi mana asara da boko, ni kuma ban cika ba shi amsa ba, don ni na fara yin asarar da ta fi tasa.

Ranar da Inna ta koma ɗakinta, ta tarar da ni a tsakar gida ina tsintar sauran jan fenti daga lungunan kwanson da tsinke. Ta tsaya ta duba. Ta ce, "Wannan ba na motar Turawan nan ba ne?"

Na ce waɗanne Turawa?

Ta ce shekarar da Kunce ya karɓi mulki, Yaya yana goye a bayanta, wani Bature da matarsa suka biyo ta Tanut a wata mota shuɗiya, injinta a gindi, jarkoki ɗaure a samanta. Injin ya ƙone a bakin gari aka jawo ta garajin Baba. Suka yi kwana huɗu a zaurenmu, matar tana son fura amma ba ta son yaji. Da gyara ya gagara suka bar wa Baba motar a bakin ɗawainiyarsa, suka hau babbar mota zuwa Kano. Baba ya yi shekaru yana cire kayanta yana sa wa wasu. Yaron Yaya, da bai fid da rai ba, ya matso ya nuna mata hoton 356 a salula ya ce, "Inna, irin wannan ce?" Ta nisanta salular daga idonta, ta duba, ta ce a'a, wannan ta cika kwanciya, waccan mai ƙusumbi ce, kunkuru, irin wadda gari ya cika da su a lokacin.

Na ce, "Inna, mun yi wata guda muna wahala a kan wannan, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Na ga kuna ta shafa waya."

Ta karɓi kirik ɗin daga hannuna ta auna nauyinsa, ta ce sabuwar ƙofar da muka sa mata iska na bugo ta, in bar mata shi. Yana can bayan ƙofarta, da shi take tokare ta tun da hunturu ya shigo.